Yadda Jijiyoyin Yunwa da Ƙishirwa Suke Haɗuwa a Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayin Ɓera

Duk wanda ya taɓa jin yunwa ya san ba sai an tuna masa ba. Haka kuma ƙishirwa, da barci, da gumin da ke keto wa mutum in rana ta take, da makyarkyatar da ke kama shi a lokacin hunturu. Waɗannan abubuwa duka suna zuwa a kan kari, ba tare da mun yi shawara da kowa ba. Galibinmu mukan ɗauka ciki ne ke jin yunwa, maƙogwaro kuma shi ke jin ƙishirwa. Masana kimiyya kuwa sun gano cewa wani ɗan ƙaramin yanki ne a gindin ƙwaƙwalwa yake tattara labarin jiki, sa'an nan ya yanke abin da za a yi. Sunansa haifotalamas. Nufina a nan shi ne in bayyana yadda jijiyoyin wannan yanki suke tsirowa, su nemi juna, su haɗu, tun ɓera yana cikin uwarsa har zuwa sa'ad da zai fara cin abinci da kansa. Mai karatu zai ga cewa kowane mataki yana da lokacinsa, kuma akwai aikin da in lokacinsa ya wuce da wuya a rama shi.

Wurin da muke magana a kansa

Ƙwaƙwalwar babban mutum takan kai nauyin giram 1,400, amma haifotalamas bai wuce giram 4 ba, watau kamar ƙwallon dabino. Yana can ƙasa, a tsakiya, bayan inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗan ƙullutu da ke rataye, ana kiransa fituwitari, wanda ke zuba sinadaran saƙo a cikin jini. A jikin ɓera kuwa, ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ba ta kai rabin giram ba, haifotalamas ɗinsa ma bai kai ƙwayar dawa ba. Duk da haka tsarinsa ya yi kama da namu ƙwarai.

In aka yanka shi siriri aka duba da madubin likita mai ƙara girman abu, sai a ga ƙwayoyin jijiya sun taru gungu gungu, kamar unguwanni a cikin gari. Kowace unguwa da sana'arta. Wata tana lura da yawan ruwan da ke cikin jini, wata zafin jiki, wata lokacin barci da tashi, wata kuma abinci. A 1940 wasu masana biyu a Amurka, Hetherington da Ranson, suka lalata unguwar tsakiya a ƙwaƙwalwar manyan ɓerayen gwaji, sai ɓerayen suka yi ƙiba ta fitar hankali. A 1951 kuma Anand da Brobeck suka lalata ta gefe, sai ɓerayen suka ƙi ci, alhali ga abinci a gabansu. Daga nan aka tabbatar cewa linzamin ci da ƙoshi a wannan wuri yake.

In na ce jijiya a cikin wannan rubutu, ina nufin mai ɗaukar saƙo, ban da ta jini. Ƙwayar jijiya tana da jiki, da rassa gajeru masu karɓar saƙo, da zare guda ɗaya dogo mai kai saƙo gaba. Unguwa ba ta da amfani ita kaɗai. Wadda ta ji labarin cewa abinci ya ƙare a jiki dole ta sanar da wadda za ta sa dabba ta tashi neman abinci. Saboda haka zaruruwan nan su ne ginshiƙin aikin. Abin tambaya shi ne, yaya zaren da ba shi da ido yake gane gidan da za shi a cikin duhu, a tsakanin miliyoyin ƙwayoyi?

Dalilin zaɓen ɓera

Ba shi yiwuwa a buɗe cikin mace a duba ƙwaƙwalwar ɗan tayinta kowace safiya. Ɓera kuwa cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne kawai, yana haihuwar 'ya'ya da yawa a lokaci guda, kuma abin da ke ɗaukar watanni a jikin mutum a nan cikin kwanaki yake faruwa. Masana sukan ƙidaya kwanakin ciki tun daga safiyar da aka tabbatar an yi barbara, don haka suna iya cewa abu kaza ya faru a kwana na 11, abu kaza a na 14.

Suna da dabaru iri iri. Ɗaya ita ce a yi wa uwar ɓera allurar wani sinadari wanda ƙwayoyin da ke rabuwa a wannan rana kaɗai za su haɗiye, ya zama musu lamba. Bayan an haifi 'ya'yan sai a duba inda masu lambar suka zauna. Da wannan dabara ce wasu masana biyu na Japan, Shimada da Nakamura, suka fitar da ranakun haihuwar ƙwayoyin haifotalamas na ɓera a 1973. Ta biyu ita ce a ɗiga ɗan rini mai ƙyalli a wata unguwa, rinin ya bi zaruruwa har ƙarshensu, ya nuna inda suka kai. Ta uku kuwa ita ce a cire ƙwayar gado guda ɗaya daga jikin ɓera, a ga abin da zai lalace. Da ɓarnar da ta biyo baya ake gane aikin abin da aka cire.

Aza harsashi

A wajen kwana na 8 na ciki, ɗan tayi bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, kuma ba shi da ƙwaƙwalwa tukuna. Abin da yake da shi wani faifai ne na ƙwayoyi a gadon bayansa. Gefen faifan biyu sukan ɗago, su lanƙwasa, su manne, ya zama bututu. Kafin ƙarshen kwana na 10 bututun ya rufe. Ɓangarensa na baya shi zai zama laka, na gaba kuma ya kumbura ya zama ƙwaƙwalwa. Ramin da ke cikin bututun ba ya toshewa, yakan zama koguna masu ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwa. Haifotalamas yana tasowa ne daga ƙasan bututun, a gefe biyu na kogon da ake kira na uku.

Wa ya gaya wa ƙwayoyin ƙasan bututu cewa su ne za su zama haifotalamas? Akwai wata 'yar tsoka da ke kwance a ƙarƙashinsu wadda ke fitar da wani sinadari. Masana sun laƙaba masa sunan bushiya, domin an fara gano danginsa ne a jikin ƙananan ƙudajen gwaji, waɗanda tsutsarsu kan fito da ƙayoyi birjik in ya lalace. Ƙwayoyin da ke kusa suna samun sinadarin da yawa, na nesa kaɗan, kuma yawan da ƙwaya ta samu yana daga cikin abin da ke yanke mata abin da za ta zama. A 1996 aka samar da ɗan tayin ɓera wanda ba shi da wannan sinadari. Ƙasan ƙwaƙwalwarsa bai ginu ba, idanunsa biyu ma suka haɗe a tsakiya suka zama ɗaya.

Makiyayan tumaki na jihar Idaho a Amurka sun ga irin wannan tun a shekarun 1950, sa'ad da tumakinsu suka riƙa haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a goshi. Da aka bincika sai aka tarar wata ciyawa ce ta kan duwatsu suke ci. Abin lura shi ne, ciyawar tana haifar da wannan tawaya ne in tunkiya ta ci ta a wajen kwana na 14 na cikinta. A ƙarshen shekarun 1990 aka gane cewa dafin ciyawar yana toshe hanyar sinadarin bushiya ne. Watau a cikin wata biyar na cikin tunkiya, 'yan kwanaki ne kawai aka ware wa wannan aiki.

Haihuwar ƙwayoyin jijiya

A bangon kogo na uku akwai ƙwayoyi iyaye waɗanda aikinsu rabuwa. Ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Daga wajen kwana na 11 sai wasu daga cikin 'ya'yan su daina rabuwa, su zama ƙwayoyin jijiya. Ranar da ƙwaya ta daina rabuwa ita ake kira ranar haihuwarta, domin daga nan ba za ta ƙara rabuwa ba har ƙarshen ranta. Mafi yawan ƙwayoyin haifotalamas na ɓera ana haifarsu ne tsakanin kwana na 11 da na 16.

Sabuwar ƙwaya ba ta zama a inda aka haife ta. Wasu ƙwayoyi masu tallafi sun miƙa dogayen igiyoyi daga bangon kogo zuwa waje, sai jaririyar ta kama igiya ta rarrafa, kamar yadda tsiron wake ke bin karan dawa. Galibi waɗanda aka fara haifa su ne ke tafiya nesa, su zauna a gefe. Na baya kuma su zauna kusa da kogo. Da haka unguwannin suke cika daga waje zuwa ciki, kuma kafin a haifi ɓera an riga an iya gane yawancinsu a madubi.

Baƙi daga hanci

Akwai wani rukuni na ƙwayoyi da labarinsu ya bambanta da na sauran. Su ne masu ba da izinin balaga. Su ke aika wa fituwitari saƙo, shi kuma ya tayar da gaɓoɓin haihuwa. A ƙwaƙwalwar ɓera ba su wuce kimanin 800 ba. An daɗe ana zaton a bangon kogo aka haife su kamar kowa. A 1989 ƙungiyoyi biyu na masana a Amurka, ɗaya ta Schwanzel-Fukuda da Pfaff, ɗaya kuma ta Susan Wray, suka nuna cewa a cikin hancin ɗan tayi ake haifarsu, a wajen kwana na 11. Daga can suke kama zaruruwan jijiyoyin da suka tashi daga hanci, su bi su a jere, su shiga ƙwaƙwalwa, su karkata ƙasa zuwa haifotalamas da kewayensa. Wajen kwana na 16 yawancinsu sun iso.

Wannan bincike ya warware wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa likitoci kai. Tun a 1944 wani likita, Franz Kallmann, ya ba da bayanin mutanen da ba sa jin ƙamshi ko wari, kuma ba sa balaga ko da shekarunsu sun kai. Me ya haɗa hanci da balaga? Yanzu amsa ta fito. In zaruruwan hanci suka kasa shiga ƙwaƙwalwa, mutum ba zai ji ƙamshi ba, kuma baƙin nan ba su da abin da za su bi, sai su maƙale a hanya. Likitoci suna taimakon irin waɗannan mutane da sinadaran da jikinsu ya rasa, har su balaga, da yawa ma su haihu.

Yadda zare yake gane hanya

Tun ƙwaya ba ta gama zama ba take fara miƙa zarenta. A bakin zaren akwai wani abu mai kama da tafin hannu, da 'yan yatsu sirara masu miƙewa suna komawa. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, shi ya fara ganinsa a 1890 a cikin lakar ɗan tsakon da bai fito daga ƙwai ba. Ko da yake mataccen nama yake dubawa, ya yi hasashen cewa abin yana motsi, kuma sinadarai ne ke jawo shi. An yi shekara fiye da ɗari kafin a kama irin sinadaran da yake nufi.

Yatsun nan lalube suke yi, suna ɗanɗana duk abin da suka taɓa. Wasu sinadarai kira suke yi, wasu kuma kora. Daga cikin masu kira akwai netirin, wanda Marc Tessier-Lavigne da abokan aikinsa suka gano a 1994, suka ba shi suna daga wani tsohon harshen Indiya, ma'anarsa ja-gora. Daga cikin masu kora akwai silit da semaforin. In yatsan dama ya ɗanɗana mai kira sai ya kafe, bakin zare ya juya dama. In na hagu ya taɓa mai kora sai ya janye. Da haka zare yake tafiya zango zango, ba tare da ya san ƙarshen tafiyar tun farko ba, kamar baƙon da ke tambayar hanya a kowace mararraba.

An ga aikin waɗannan sinadarai a ƙasan haifotalamas, inda zaruruwan idanu suke gitta juna a wajen kwana na 12 zuwa na 13. Silit yana gefe da gefe kamar dannin gona, ya bar musu 'yar siririyar hanya a tsakiya. A 2002 aka cire silit iri biyu daga jikin ɓera, sai zaruruwan suka fantsama, wasu har suka buɗe wata magitta ta biyu a inda bai kamata ba. A 1999 kuma an duba 'yan tayin da ba su da netirin, aka tarar wasu ƙwayoyin haifotalamas sun zauna a inda ba wurinsu ba, zaruruwan baƙin nan na hanci kuma sun saki hanya.

Zaruruwan farko su suka fi shan wuya. A wajen kwana na 10 ake ganin na farko suna ratsa yankin haifotalamas suna nufar baya. Waɗanda suka biyo daga baya sukan manne da su kawai su bi sawu, har 'yar turba ta zama babbar hanya. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ake gamawa kafin haihuwa ita ce mai gangarawa zuwa fituwitari. Shi kansa fituwitari daga wuri biyu ya fito. Rabinsa na gaba daga rufin bakin ɗan tayi ya taso, rabin baya kuma daga ƙasan haifotalamas ya sauko, suka gamu. Zaruruwan da ke sauka cikin rabin baya suna ɗauke da sinadarai biyu. Ɗaya yana umurtar ƙoda ta riƙe ruwa in jiki ya bushe. Ɗayan kuma shi ke ƙarfafa naƙuda, ya kuma sa nono ya zubo in jariri ya kama.

In zare ya isa unguwar da yake nema sai ya yi rassa, ya kusanci wata ƙwaya, ya kafa mahaɗa. Masanin Ingila Charles Sherrington ne ya raɗa wa wannan mahaɗa suna a 1897. Ƙwayoyin biyu ba sa mannewa sarai. Akwai rata a tsakaninsu wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin 50,000 na milimita ba, kuma sinadari ne ke tsallaka ta da saƙo. Da farko akan kafa mahaɗu fiye da kima. Waɗanda ake amfani da su sai su yi ƙarfi, sauran kuma a sare su, kamar yadda manomi ke rage dawa in ta fito cunkus a rami ɗaya.

Aikin da ake ƙarasawa bayan haihuwa

Ɗan ɓera yakan fito tsirara, ido a rufe, nauyinsa kamar giram ɗaya da ɗoriya. A wannan lokaci akwai hanyoyin da ba a gama ba. Alal misali, unguwar da ke riƙe da agogon jiki, mai ƙwayoyi kimanin 20,000, sai dab da haihuwa zaruruwan ido suke fara shigarta. Kafin nan agogon uwa ne yake saita na ɗan tayi. Amma wadda ta fi ban mamaki ita ce hanyar abinci.

A gindin kogo na uku akwai wata unguwa mai siffar baka. A cikinta akwai ƙwayoyi iri biyu masu adawa da juna, masu kiran yunwa da masu shelar ƙoshi. An haife su tun ana tsakiyar ciki, amma a ranar haihuwa zaruruwansu ba su kai ko'ina ba. Sai a wajen kwana na 6 bayan haihuwa suke isa unguwa ta farko. Tsakanin na 8 da na 10 su isa babbar unguwar da ke gefen kogo, a na 12 kuma su isa ta gefe. Wajen kwana na 18 tsarin ya yi kama da na babba. Wannan ya yi daidai da rayuwar ɓera, domin a mako na uku ne yake fara gaigayar abinci, a kwana na 21 kuma a yaye shi. Watau ana gama hanyar ne dab da lokacin da zai fara auna wa kansa abin da zai ci.

Domin a gane abin da ke tayar da waɗannan zaruruwa sai mu koma baya kaɗan. A 1949, a ɗakin bincike na Jackson da ke jihar Maine ta Amurka, aka ga wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi, har nauyinsu yakan ninka na 'yan'uwansu sau uku. Abin gado ne. Wani masani a wurin, Douglas Coleman, ya ɗinke jikin mai ƙiba da na lafiyayye yadda jininsu zai gauraya, sai mai ƙiban ya rage ci. Ya ce lalle akwai wani abu a jinin lafiyayye da ɗayan ya rasa. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon abin, aka sa masa suna leftin. Kitse ne yake yin sa. In kitse ya yi yawa leftin ya ƙaru a jini, unguwar baka ta ji, ta ce a rage ci. In kitse ya ragu leftin ya faɗi, yunwa ta taso.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure wa masana kai. A mako na biyu bayan haihuwa leftin yakan hau ƙwarai a jinin ɗan ɓera, ya kai ƙololuwa a wajen kwana na 10, amma ɗan ba ya rage shan nono. To, aikin me yake yi? A 2004 Sebastien Bouret da Shin Draper da Richard Simerly, a jihar Oregon, suka ba da amsa. Sun ɗiga rinin nan mai ƙyalli a unguwar baka ta ɓerayen da ba su da leftin, sai suka ga zaruruwan da suka isa unguwar gefen kogo 'yan kaɗan ne, kuma haka suke zama har ɓeran ya girma. Suka yanko ɗan naman unguwar suka sa a faranti, suka zuba masa leftin, sai ga zaruruwa suna tsirowa. Ashe a wannan lokaci leftin taki ne ga zaruruwan da daga baya za su riƙa kai saƙonsa.

Gwajinsu na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci. Sun yi wa jariran ɓerayen allurar leftin daga kwana na 4 zuwa na 12, sai hanyar ta ginu kusan kamar ta lafiyayyu. Suka yi wa manya irin wannan allura, hanyar ba ta dawo ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma kada a ɗauka babba ba shi da magani. Babban ɓera in aka ba shi leftin yakan rage ci ya rame, kuma a wannan shekara ta 2004 wasu masana sun nuna cewa yawan mahaɗun da ke kan ƙwayoyin unguwar baka yana canzawa cikin sa'o'i shida da yin allurar. Watau ana iya gyara ƙofofi a kowane lokaci, shimfiɗa doguwar hanya ce take da ƙayyadadden lokaci.

Inda abin ya shafe mu

Tun da jiki yana da hannu a ginin, abin da uwa ta ci ma yana da hannu. A 2008 masana a birnin Lille na Faransa suka rage wa manyan ɓerayen gwaji abinci a ƙarshen ciki da lokacin shayarwa. Hawan leftin na 'ya'yan ya ragu ƙwarai, zaruruwan masu shelar ƙoshi ma suka ragu. A 2014 kuma masana a birnin Kolon na Jamus suka ba iyaye mata abinci mai maiƙo da yawa a lokacin shayarwa kaɗai. Su ma 'ya'yan hanyarsu ta yi rauni, suka girma da kitse da matsalar sukari a jini. Ashe rashi da wuce kima duka suna ɓarna.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma akwai babban bambanci na lokaci. Binciken da aka yi a kan birai ya nuna cewa a wurinsu wannan hanya ta abinci tana ginuwa ne tun a ciki, a kashi na uku na ƙarshe, kuma mutum ya fi kusa da biri a wannan fanni. Akwai kuma wani darasi daga tarihi. A hunturun 1944 zuwa 1945, ana ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, an yi matsananciyar yunwa a yammacin ƙasar Holan. A 1976 aka buga binciken da aka yi a kan samari kimanin 300,000 masu shekara 19 da aka auna domin aikin soja. Waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a rabin farko na ciki sun fi sauran yawan ƙiba. Waɗanda ta same su a ƙarshen ciki da farkon haihuwa kuwa ƙibarsu ta yi ƙasa da ta sauran. Yunwa ɗaya ce, amma sakamakon ya danganta da lokacin da ta zo. Masu binciken sun yi zaton ginin haifotalamas ne ta taɓa a rukunin farko.

Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ma'aikatan lafiya suke nanata maganar kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara biyu. A ƙasarmu an saba tattalin mai jego bayan ta sauka, abin kuwa yana da kyau. Binciken nan yana nuna cewa ya kamata tattalin ya fara tun ciki yana ƙarami, tun ma kafin maƙwabta su lura. Wake, da gyaɗa, da ƙwai, da nono, da kifi, da ganyen zogale duk suna kusa da mu. 'Yan'uwana ɗalibai, in mun koma gida hutu muka tarar da mai juna biyu ko mai shayarwa a gidanmu, ya dace mu tabbata ba ita ce ta ƙarshe wajen samun rabo ba in an sauke tukunya.